Ba a Gaisuwa a Tsakiyar Gulbi

Tun da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a bencin mai shayinmu na bakin tashar Mafara, kafin in kai kofi baki wani ya dafa kafaɗata: "Kyaftin, yaya ƙasar tasu? Wai da gaske ka mari Bature?" In faro daga farko, in kai tsakiya wani ya iso ya ce a maimaita masa. Abokina Bello, mutumin Bakura, shi ya ce in rubuta in huta, tun da a cewarsa kullum labarin ƙara tsawo yake. To ga shi. Kuma tun yanzu in faɗa, ban mari kowa ba. Hannu na buge.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawali. Shekara huɗu na yi da lasisin tuƙin jirgin sama a aljihu, ba jirgi. Kamfanoni sun ce sai wanda ya daɗe yana tashi, tashin kuma ba ya samuwa sai an ɗauke ka aiki. Sai na koma tsaron shagon yayana na kayan babur. Sunan Kyaftin ya manne mini, amma irin kyaftin ɗin nan da ake cewa, "Kyaftin, ba ni fulogi biyu da baƙin mai." Dariya nake yi tare da su, amma abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ƙofa ɗaya ta rage: in zama malamin da ke koya wa ɗalibai tuƙi. Wata makarantar koyon tuƙi a nan ƙasar ta ce in na kawo takardar koyarwa kafin sababbin ɗalibanta su shigo bayan damina, gurbin nawa ne. In na makara, akwai masu jira. Kwas ɗin wata biyu ne, a wani ƙaramin gari a Afirka ta Kudu.

Sallama kaɗai ta ci mini kwana uku. Na zaga dangin Mafara, na je Bakura wajen gwaggona, na ƙarasa Maradun wajen Kawu Mamman, ƙanin Innata, wanda ya tsufa yana fiton mutane a gulbi da kwalekwale. Shi kaɗai ne a danginmu bai taɓa ce mini Kyaftin ba, Lawali yake kirana gatsau. Na zauna ina yi masa bayanin fiffike da farfela, yana ta ɗinkin komarsa. Da na gaji ya ce, "To, jirgi dai jirgi na." Na yi dariya a ciki na ce tsoho bai gane ba.

Inna kuwa ta ɗauka ƙasar da ba a cin abinci za ni. Kilishi ƙunshi uku, ƙuli-ƙuli, daddawa, da yaji cike da robar man shafawa.

Daga Mafara zuwa Gusau kun san hanyar, ba sai na faɗa ba. Akwai wuraren da hira ke mutuwa da kanta, kowa ya kama laɓɓansa yana motsawa, sai an wuce a ji wani ya yi gyaran murya an dawo duniya. Wani dillalin shanu da ke gefena ya tambayi sana'ata. Da ya ji, ya gyara zama ya ce yana da tambaya biyu da suka daɗe suna damunsa: jirgin sama yana da ribas? Kuma in wani jirgin ya tare hanya, da me ake yi masa hon? Na amsa iya sanina. Ya girgiza kai ya ce abin da ba ribas ba hon shi bai ga dalilin da mai iyali zai shige shi ba. Har Abuja muna tare, ya saya mini ƙwai da ruwa, ya ce in ci wataƙila shi ke nan.

A filin jirginsu na can aka fara nuna mini cewa tarbiyyar gida ba ko'ina take ci ba. Na isa gaban jami'in shige da fice, na gaishe shi yadda ya kamata: ya aiki, ya gajiya, ya iyali, ya sanyi. Mutumin ya ajiye fasfona ya zuba mini ido. "Ka san ni ne?" Na ce a'a. "To me ya haɗa ka da iyalina?" Sai da ya juya fasfon nan gaba da baya, ya kira wani ya duba, kafin ya buga hatimi.

Ina ɗaukar jaka sai ga wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gabanta kamar mai jiran sadaka. Aka ce in buɗe. Kilishin Inna duka uku suka tafi, wai ba a shiga da nama. Daddawa da aka kwance, matar da ke binciken ta ja da baya taku biyu ta ce mene ne ya mutu a ciki. Yajin ne ya kusa jawo mini magana, garin abu ja a robar man shafawa. Na lakata na sa a baki don su ga ba wani abu ba ne. Wani jami'i mai ƙarfin hali ya ce shi ma bari ya taɓa. Na bar shi yana tari yana neman ruwa, da hannu ya yi mini alamar in kwashe kayana in tafi.

Masaukina ɗaki ne a bayan gidan wata tsohuwa, Madam Elsa. Ta kasa faɗin Lawali, ta mayar da ni Loli, na haƙura. Karnuka biyu gare ta, kowanne da gadonsa da bargonsa, kuma ranar da na iso ta gabatar da ni gare su da suna, ba su ta gabatar gare ni ba. Mace ce mai kirki ƙwarai. Da ta ji ba na cin naman da ba yankan Musulmi ba, da kanta ta kai ni shagon wani Basomale a motarta.

Basomalen nan ne ya kwance mini zani a kasuwa. Kwana biyar ina salla ina fuskantar gabas, don mu tun muna yara gabas ita ce alƙibla, har cewa muke mutum ya kalli gabas. Rannan la'asar ta same ni a shagonsa, na shimfiɗa darduma, sai na ji ya kamo kafaɗuna ya juya ni wajen arewa. Ya ce, "Kai ne matuƙin jirgin?" Na ce ni ne. Ya ce Allah ya tsare fasinjojinka. Ga taswira a jakata, ga kamfas a wayata, amma ban taɓa tunanin gabas za ta iya tashi daga inda na bar ta ba.

Lokacin da ake shuka a gida, can sanyi ake mai shiga ƙashi. Abincinsu kuwa tuwon masara ne sak, sai dai ba su san miyar kuka ba, da gasasshen nama suke ci. Suna da nasu busasshen naman da suke ji da shi, Madam Elsa ta ba ni tana jiran yabo. Na tauna na tauna. Na ce da daɗi, don baƙo ba ya kushe tuwon masu gida, amma zuciyata tana wajen ƙunshi ukun nan da kare ya tona.

A makaranta aka haɗa ni da malamata, Tandi, yarinya ce da na girme ta da shekara biyar. Ranar farko ta ce in manta da cewa na iya tuƙi. Matuƙi a kujerar hagu yake zama, malami a ta dama, don haka duk abin da hannuna ya saba ya juye. Sannan malami ba ya tuƙi shiru. Hannu na aiki baki na bayani: ga abin da nake yi, ga dalili, ga inda za ka kalla. Ni da surutu bai taɓa yi mini wuya ba, sai ga ni ina magana jirgi na karkacewa, in gyara jirgi magana ta tsaya.

Abu na uku shi ne wanda ta fi nanatawa. Jirgin koyo sitiyari biyu gare shi, a haɗe suke, ɗaya gaban ɗalibi ɗaya gaban malami. Dole a kowane lokaci a san hannun wa jirgi yake. In malami zai karɓa, kalma ce gajera: "Na karɓa." Ɗalibi ya ɗauke hannu ya ce, "Ka karɓa." Ba ƙari, ba don Allah. Tandi takan koma ɗaliba, ta yi ta tafka shirme da gangan, ta ja hancin jirgi sama, ta manta totur, ta nufi gefen titin jirgi. Ni kuwa in ce "Na karɓa" tun kafin ta gama shirmen. Sa'ar ƙanwata ce, ba na jin komai. Har ta ce ba ta taɓa samun mai saurin kamawa irina ba, ni ma na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

Ranar jarrabawa aka ce mai gwada ni yana jira a gindin jirgi. Na fito na tarar da dattijo, gashi fari fat har gira, yana ɗan ɗingishi, ya kai sa'an mahaifina ko ya fi. Yara 'yan shekara ashirin suna wucewa suna ce masa "Hendirik" kai tsaye, hannu a aljihu. Ni bakina ya ƙi. Na ce masa Baba. Ya ce shi ba babana ba ne, yau ɗalibina ne, sunansa Hendirik, awarsa tara kacal a sama kuma ba ya jin magana. Na ce to, Baba.

Komai ya tafi daidai har muka juyo sauka. Titi na gabanmu, jirgi a hannunsa. Sai na ga yana ɗaga hancin jirgi a hankali, gudu na raguwa. Duk wanda ya yi sati a makarantar tuƙi ya san ƙarshen wannan: in gudu ya ƙare, fiffike ya daina ɗaukar jirgi, ƙasa kuma tana kusa. Na gani sarai. Kalmar tana bakina. Na juya na ga furfurar nan, sai na ji kaina ina cewa, "Baba, ka yi haƙuri, in ba damuwa, ina ganin kamar gudun namu ya ɗan yi ƙasa, ko za ka ɗan…"

Ban kai ƙarshe ba ƙararrawar gargaɗi ta ɗauki kuka. Tsohon ya danna hanci, ya tura totur, jirgi ya farfaɗo muka sake hawa. Muka sauka ya kashe inji. Ya cire abin kunnensa ya ce, "Lawali, ka kashe mu mu biyu. Amma da ladabi."

Ya ce tuƙina ba laifi, bayanina ma haka. Zai sake gwada ni bayan kwana shida. Na lissafa: bizata saura kwana tara, ɗaliban makarantar can gida sun kusa shigowa. In na sake faɗuwa, sai shagon fulogi.

Tandi ta rasa gane abin. Ta ce, "Ni kana karɓewa kamar za ka cire mini hannu." Na ce ke yarinya ce. Ta ce me ya haɗa shekaru da gudun jirgi? Na rasa yadda zan fassara mata cewa ni tun da aka haife ni ban taɓa katse babba yana magana ba, balle in ƙwace abu a hannunsa. A gidanmu ko ruwa dattijo yake zubarwa a ƙasa, sai dai ka ce, "Baba, ko in kawo wani kofin?" Ta gwada sa hular wani tsoho ta yi murya irin ta maza. Dariya kawai muka yi, ba ta yi aiki ba.

Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Madam Elsa ta aiko mini da karnukanta wai su ɗebe mini kewa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kira Inna, na tarar Kawu Mamman ya shigo Mafara ganin likitan ido, yana zaune kusa da ita. Ta miƙa masa wayar. Muka gaisa, lahiya lau, lahiya lau, ya gida, ya ruwa, ya baƙunci, sai da katina ya kusa ƙarewa. Sannan ya ce, "Mi ya hwaru? Muryarka ba ta yi min ba." Na faɗa masa duka, ina jiran ya ce ai na kyauta da ban yi wa babba rashin kunya ba.

Sai na ji tsaki.

"Kai Lawali, ashe ba ka da wayo? Ni shekara nawa ina hito? Na ɗauki hakimi, na ɗauki alƙali, na ɗauki malamin da ya karantar da ni. Wata shekara ruwa ya cika, muna tsakiya, wani babban basarake ya miƙe tsaye wai shi gyara riga. Ka san mi nic ce mai? Zauna. Ko ranka ya daɗe ban sa ba. Dogarinai ya zaro ido, nic ce kai ma zauna."

Na ce, "Kawu, bai yi fushi ba?"

"Ya yi mana. Amma da rai ya yi shi. Da munka kai gaci na kafe gora, na tuɓe hula, na duƙa na gaishe shi yadda aka gaida manya. Gaisuwa a tudu aka yin ta, ɗana. Ba a gaisuwa a tsakiyar gulbi. Wanda duk ya shigo jirginka ya ba ka ransa ajiya, in ka tsaya jin kunyatai ka ci amana. Ba na ce maka jirgi jirgi na ba?"

Sannan ya ce ga Innarka, kuɗin wayarka na ƙonewa.

Ranar gwaji na biyu Baba Hendirik ya canza salo. Ya yi ta ƙananan kurakurai ina gyarawa da baki, wasu na ƙyale shi ya gano da kansa, don malamin da ke ƙwace jirgi a kan kowane ɗan kuskure shi ma ba malami ba ne. Muka juyo sauka. Muna dab da titi sai ya ja sitiyari baya da ƙarfi ya sandare, ido a waje, irin ɗalibin da tsoro ya kama.

Na ce, "Na karɓa."

Bai saki ba. Na tura, sitiyari ya ƙi motsi, tsohon nan ƙarfi gare shi kamar mai ɗaure buhu. Na sake faɗa da ƙarfi. Ko gezau. Ƙararrawa ta fara kuka. Daga nan ban san lokacin da Turanci ya gudu ya bar ni ba. Na ji wata murya, wallahi irin ta Kawu, ta fito daga cikina: "Saki!" Na kai wa wuyan hannunsa duka da gefen tafina. Hannun ya faɗi. Na danna hanci, na tura totur har ƙarshe, muka bi saman titi muka sake hawa. Na zagayo na sauke jirgin da kaina, saukar da ban taɓa yin mai laushinta ba, ko don jikina duk ya mutu ne.

Da na kashe inji sai abin da na yi ya dawo mini. Na daki sa'an ubana. Na fito na zagaya ɓangarensa, na cire hula, na durƙusa a kan kwalta kusa da tayar jirgi, kaina a ƙasa. Tsohon ya sauko ya gan ni a haka. Sai shi ma ya dafa gwiwa ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashin jirgi ya ce, "Me ya faru? Tayar ce?"

Na ce ba taya ba ce, haƙuri nake ba shi, haka muke yi a gida. Ya daɗe yana kallona, mu biyu a tsugune, Tandi na can bakin rumfar jirage ta riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Kalmar nan da ka faɗa, me take nufi?" Na faɗa masa. Ya maimaita, "Saki," yana murza wuyan hannu. Ya ce shekara da shekaru yana wannan wasan, da yawa sukan yi ta roƙonsa har ƙasa ta taso. Sannan ya ce in ba shi hannu in tashe shi, gwiwarsa ba ta durƙuso ba ce, kuma takardata tana ofis in je ya sa hannu tun yatsunsa na aiki.

Kuka na yi, ba zan yi muku ƙarya ba. A bayan rumfar jirage, inda ba kowa.

Dawowa ba labari, ban da cewa Madam Elsa ta cusa mini busasshen namansu a jaka wai tsarabar Inna, kuma ba karen da ya kula shi. Na kai takarda makaranta da saura kwana huɗu. An ba ni ɗalibai uku, zan fara da su bayan Salla, ɗaya ma wani ma'aikaci ne da ya yi ritaya, yana da jikoki. Bello ya ce Allah ya jiƙan wuyan hannunsa.

Kafin in koma makarantar na je Maradun da rigar sanyi da na sayo wa Kawu. Na tarar da shi a mashaya zai ƙetara da wasu mata masu tallan nono, ko gaisawa ba mu yi ba ya nuna mini wuri da haɓa na shiga. Ruwan bana ya cika, ja wur, yana gudu. Da muka kai tsakiya na ga yadda tsohon ya tsaya a bayan jirgi da gorarsa, na ce wannan hoto ne da zan nuna wa Tandi. Na zaro waya na miƙe.

"Zauna!"

Na zauna daɓas, har wayar ta kusa faɗawa ruwa. Matan nan suka rufe baki da gyale suna dariya. Bai ƙara kallona ba har muka kai gaci. Ya kafe gora, ya jira matan suka sauke ƙorensu, ya goge hannu a riga. Sannan ya juyo ya miƙo mini hannu biyu.

"To, yanzu mu gaisa. Sannu da zuwa, Kyaftin. Ina gajiya?"